Keken Fatsa

Rumfata tana bakin Kasuwar Dole,
tsakanin mai facin taya da mai kanwa.
Agogo nake gyarawa, ko in ce da can.
Yanzu kowa salula yake cirowa ya duba lokaci,
ni da ƙudaje muke gadin tebur.

Ran wata Laraba sai ga Gaptiya,
ƴar marigayi Kyari mai su,
da ƙunshi cikin tsohon kallabi.
Ta kwance. Wani baƙin ƙarfe, bai fi dunƙulen hannu ba,
da mariƙi guda na murzawa, ya sage.
Ta ce, "Mulune sunansa, haka Baba ke cewa.
Wani Bature mai awon gyaɗa ya bar masa
shekarar da ya tattara ya koma gida.
Da shi ya ciyar da mu tarwaɗar Gidimuni."

Na ce ni ko kwaɗo ban taɓa kamawa ba.
Ta ce, "Ai ba kifi na kawo maka ba."

Kusoshi uku, ɗaya kanta ya cinye,
sai da na yanka mata sabon baki da zarto.
A ciki tsohon mai ya daskare kamar daddawa,
ga yashin tafki, ga ɓawon kifi guda ɗaya,
ban san shekara nawa ya yi a nan ba.
Na ajiye shi gefe, cikin murfin kwalba.
Kwana biyu haƙoran suka sha kananzir,
suka fito ja, tagulla ce ta gaske,
ko ɗaya bai faɗi ba.
Ciwon yana wani wuri:
ɗan resor, siriri kamar gashin wutsiyar jaki,
mai mayar da bakar zare mazauninta,
ya karye biyu.

Na je Zango wurin Tanimun mai kekunan ɗinki,
ya zazzage mini gwangwani huɗu a kan tabarma.
Babu.
Sidiƙu mai matattun rediyo ya ce in dawo jibi,
jibin nan har yau bai zo ba.
Na ba direban Kano guntun a takarda,
ya dawo mini da resor na tarkon ɓera,
har yana neman tukwici.
Jikana ya lalubo shi cikin salula:
akwai, in ji shi, a wani gari can bayan teku,
kuɗinsa da na aikowa sun kai kuɗin tunkiya.

Daren nan na daɗe ina kallon agogon mahaifina,
mai ƙararrawa biyu a ka,
wanda ke tashe ni asuba tun ina saurayi.
Na san abin da ke cikinsa.
Ni na sha buɗe shi.

Na lanƙwasa na farko a harshen kyandir, ya karye.
Na biyu ya yi tsalle ya shige ƙasa, ya ɓace.
Na uku na yi masa a hankali,
ina riƙe numfashi, gumi na ɗiga a gilashina.
Na murza.
Ƙyat!
Bakar ta koma da kanta.

Gaptiya ta zo, ta kai shi kusa da kunne,
ta murza, ta murza, ba zare, ba sanda.
Ta ce, "Na Baba ya fi wannan kaushin murya."
Na ce yashi ne, na wanke.
Ta yi shiru. Na miƙa mata murfin kwalbar,
ta ƙulle ɓawon a bakin zane.

Bayan damina ɗanta ya sauka daga motar Gidimuni
da tarwaɗa biyu a bokiti, ɗaya tana motsi.
Mun sha romo da tattasai.

Agogon yana nan kan taga,
ya tsaya a huɗu da minti goma.
Ladanin Birni ke tashe ni yanzu,
wani lokaci ma sai ya kira na biyu.